Mai Kallo Ma Yana da Ta Cewa

Akwai wata amsa da ta kama bakin wasu 'yan fim ɗinmu, wadda suke jefa wa duk mai kallon da ya ce fim kaza bai yi masa ba: "In ka iya, je ka yi naka mu gani." Wani lokaci a ƙara da cewa hassada ce ke cin sa, ko wani ne ya turo shi ya ɓata musu kasuwa. Wannan amsa tana ci mini rai, domin bakin da take rufewa na mutumin da aka yi fim ɗin dominsa ne. Shi ya sayi data da kuɗin guminsa, shi ya kai wayarsa shagon masu tura fim, shi ya hana idonsa barci har sunayen ƙarshe suka gama hawa. In shi ba shi da ikon cewa abin da ya gani bai gamsar da shi ba, wa ke da shi?

A ganina, ra'ayin mai kallo na gama-gari, wanda bai taɓa riƙe kyamara ba, bai kuma karanci fim a jami'a ba, shi ne sharhin fim mafi daɗewa kuma mafi ƙarfi da muke da shi a ƙasar Hausa. Ba mu gaji al'adar nan ta jaridu masu ware shafi duk mako domin wani gwani ya auna sabon fim ba, irin ta Amurka, inda har Roger Ebert ya karɓi lambar yabo ta Pulitzer a 1975 saboda sharhin finafinai kawai. Namu sharhin a majalisa ya girma, da shagon aski, da tsakar gida bayan an kwashe kwanukan tuwon dare, da bencin tasha ana jiran mota ta cika. Can ake ɗaga fim, can ake binne shi. Kuma ba jiya aka fara ba.

Tun 1937 aka buɗe silimar Rex a Kano. A farkon shekarun 1950 Palace ta shigo har cikin birni, abin da ya ta da ƙura ƙwarai a lokacin, daga baya kuma sai ga su Plaza da Orion da El Dorado da Wapa. 'Yan kasuwa 'yan asalin Labanan da ke riƙe da harkar sun kawo komai da komai: na kaboyi daga Amurka, na Ingila, na Indiya, sannan na 'yan Chana masu faɗa da hannu da ƙafa. Ba wanda ya zaunar da masu kallo ya ce musu ga wanda ya fi kyau. Babu fassara, babu mai sharhi, galibinsu ba su jin Turanci balle Indiyanci. Duk da haka suka tsaya suka zaɓa, kuma Indiya suka fi zaɓa. Wannan zaɓi kansa hukunci ne. Sun ga uba yana tilasta wa 'yarsa auren wanda ba ta so, sun ga ɗa yana durƙusa wa uwarsa, sun ga talaka yana son 'yar mai kuɗi ana wulaƙanta shi, sun ga mace ta rufe kanta da mayafi tana sunkuyar da kai, suka ce wannan mun san shi. Masanin nan Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano a shekarun 1990, ya rubuta laƙubban da masu kallo suka raɗa wa jaruman Indiya: Dharmendra shi ne Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt kuwa Ɗan Daba Mai Lasin. Wanda ya raɗa irin wannan suna ya kalli finafinan mutum da yawa, ya gane irin rawar da ya fi dacewa da ita, ya taƙaita ta yadda kowa zai ji ya ce haka ne. Aikin mai sharhi ke nan, ko da bai taɓa kiran kansa da sunan ba.

A unguwarmu akwai wani tela da ya yi zamanin silima sosai. Ko kalma goma ta Indiyanci bai sani ba, amma in ya kalli fim da daddare, washegari yana taka keke yana ba da labarinsa tun daga farko, har ya tsayar da ɗinki ya miƙe ya nuna yadda bos ya shigo. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ba labari kaɗai yake bayarwa ba, yana yi yana yanke hukunci. Sai ya ce, "A nan darakta ya cuce mu. Mutum ya kama abokin gabarsa, ya ɗaure shi, ga bindiga a hannu, sai ya tsaya surutu har 'yan sanda suka zo? Wannan ba wautar bos ba ce, mai labarin ne dabara ta ƙare masa." Ko kuma ya ce waƙa kaza an cusa ta ne kawai, cire ta ba abin da zai ragu, amma waƙa kaza in ka cire ta fim ɗin ya mutu, domin a cikinta ne yarinyar ta faɗi abin da kunya ta hana ta faɗa a gaban ubanta. Shekaru da yawa bayan haka na ci karo da irin wannan bayani a rubutun masana, sun yi masa ado da manyan kalmomi. Abin da suka gano bai wuce abin da telan nan ya gano da allura a baki ba.

Ba a ƙasarmu kaɗai mai kallo ya sha riga gwanaye gano abu ba. Lokacin da Sholay ya fito a Indiya ranar 15 ga Agustan 1975, masu sharhi da yawa sun kushe shi, makonnin farko ma an zaci ya faɗi. Mutanen da suka shiga suka fito ne suka riƙa gaya wa 'yan uwansu, suna maimaita maganganun Gabbar Singh, bos ɗin fim ɗin, a titi, har kasuwar ta juya. Ya yi sama da shekara biyar ana nuna shi a silimar Minerva da ke Bombay ba yankewa. A bikin lambobin Filmfare kuwa guda ɗaya tak ya samu, ta tace hoto. Yau ka tambayi dattijo a Fagge ko a Damagaram wane fim ɗin Indiya ya fi tunawa, da wuya bai ambace shi ba. Haka aka yi da The Shawshank Redemption a Amurka a 1994: bai mayar da kuɗinsa ba a fitowar farko, an sa shi takarar Oscar a fanni bakwai bai ci ko ɗaya ba. Masu hayar kaset da masu kallon talabijin ne suka raya shi, har ya hau saman jerin IMDb, shafin intanet na bayanan finafinai, jerin da ƙuri'ar masu kallo ke tsarawa, ya daɗe a can. Ita kanta IMDb ɗin a 1990 ta faro, daga jerin sunaye da wasu masoya fim suke tarawa don sha'awa, ba da albashin kowa ba.

Akwai ma mai kallon da sharhinsa ya zama fim. A Nijar, Moustapha Alassane ya ga yadda finafinan kaboyi suka shiga kan samari, sai a 1966 ya shirya fim a kan saurayin da ya dawo ƙauyensu da akwati cike da huluna da takalman kaboyi, ya raba wa abokansa, suka hau dawakai suka addabi gari. Ya fahimci abin da fim ke yi wa mai kallonsa ne saboda shi ma ya zauna a bencin nan ya kalla.

To, a gida fa? Kannywood kacokan ɗinta a kan ra'ayin mai kallo aka gina ta, musamman mata. Silima wuri ne da mace mai mutunci ba ta zuwa a wancan zamani, sai talabijin ta kai mata fim har ɗaki. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya ƙididdige finafinan Indiya sama da dubu da tashar NTA Kano ta nuna tsakanin 1977 da 2003. Da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fito da Turmin Danya a kaset a 1990, ta tarar da masu kallo da idonsu ya riga ya buɗe. Matan aure da ke aiken yara su karɓo kaset haya su ne suka yanke wane jarumi zai tashi, wane labari za a sake yin irinsa. 'Yan kasuwar Ƙofar Wambai ba sa karanta sharhin kowa, abin da masu saye suka ce shi suke gaya wa furodusa. Da mujallu suka zo, Tauraruwa wadda a cikinta Sunusi Shehu ya ƙirƙiro sunan Kannywood a 1999, da Fim ta Ibrahim Sheme a wannan shekarar, shafin wasiƙun masu karatu na cikin wuraren da aka fi rububin buɗewa. Saboda haka ɗan fim ɗin da ya ce wa mai kallo ya yi shiru ya manta wanda ya ɗora shi inda yake.

Kuma abin da mai kallo ke gani ba ƙarami ba ne, domin kowa da fannin da ya fi darakta sani. Na zauna kusa da gwaggona tana kallon wani fim mai dogon zango, an nuno yarinya wai 'yar talaka ce futuk, da talla take ciyar da uwarta. Gwaggo ta matso da wayar kusa da idonta ta ce, "Kai ɗan nan, dubi hannunta. Wannan hannun bai taɓa riƙe taɓarya ba. Ga lalle ɗanye, ga gashin ido an liƙa. Wa za su yaudara?" Daga nan labarin ya fita daga ranta, duk kukan da yarinyar ta yi bayan haka bai taɓa ta ba. Ma'aikaciyar jinya tana ganin an rataya ƙarin ruwa amma robar ba ta shiga jijiyar kowa ba. Malamin Islamiyya yana ganin an yi saki an mayar da aure, ko an raba gado, ta hanyar da ba ta cikin kowane littafin fiƙihu. Lauya yana ganin alƙali ya yanke hukuncin kisa a zama ɗaya. Manomi yana ganin an ce damina ce alhali ga ƙurar hunturu a bayan jarumi. Waɗannan mutane ba za su iya haɗa fim ba, gaskiya ne, amma rayuwar da fim ɗin ke iƙirarin nunawa tasu ce, kuma da an tambaye su kafin a kunna kyamara, da an huta da kunya mai yawa. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Ko ƙaurar da masu kallo suka yi zuwa finafinan Indiya da ake fassarawa da Hausa, irin na su Algaita, sharhi ne ga mai son ji. An yi ta kuka cewa fassara ta kashe kasuwar fim ɗin Hausa, kuma lallai ta taɓa ta, tare da satar fasaha da mutuwar faifan CD. Amma kaɗan ne suka tsaya suka tambayi yaron da ke zaɓar fassara me ya sa. Da sun tambaya da ya gaya musu a taƙaice: can labari yana tafiya, nan kuwa mutum biyu za su zauna a falo su yi minti goma suna maimaita abin da muka riga muka gani da idonmu. Wannan ƙorafi har yau yana nan a kan finafinai masu dogon zango na YouTube, inda ake jan labarin da zai ƙare a kashi goma har ya kai hamsin.

Duk wannan kare mai kallo ne. Amma ba zan tsaya a nan ba, domin mu masu kallo ma muna da namu, kuma namun ne ya fi damuna, tunda shi ke ba ɗan fim hujjar toshe kunne.

Babbar matsalarmu ita ce awo ɗaya muke da shi: tarbiyya. Da an ambaci fim ɗin Hausa, kafin a ce labarin ya tsaru ko bai tsaru ba, an riga an shiga shari'ar ko yana gyara tarbiyya ko yana ɓata ta. Ba na raina wannan tambaya. Ina da 'ya'ya, na kuma san abin da ido ya gani ba ya fita da sauƙi. Amma ta cinye duk sauran tambayoyi, har ta kai su kansu 'yan fim ba su da kalmar kare aikinsu sai "faɗakarwa muke yi". Sakamakon haka, fim zai zo da labari a warwatse, sauti yana shiga yana fita, 'yan wasa suna karanto magana kamar hadda, amma da yake a ƙarshe mugu ya tuba wani dattijo ya yi nasiha, sai a ce ya yi ma'ana. Wani kuma zai zo da aiki mai kyau, ya nuna mugunta yadda take domin mai kallo ya ji zafinta, sai a ce yana koyar da mugunta. A 2016 gwamnatin tarayya ta shirya gina alƙaryar finafinai a Kofa da ke jihar Kano, aka yi ta muhawara har aka janye shirin. Kowa da hujjarsa a wancan lokaci, ba ita nake son tayarwa ba. Abin lura shi ne kusan duk zancenmu na fim a bainar jama'a a kan ko ya halatta a yi shi yake tsayawa. Zancen yadda za a yi shi da kyau ba ya samun wuri.

Alhali mun san fim mai kyau in mun gan shi. Mutane da yawa da ba sa ko son jin sunan fim suna girmama aikin Mustapha Akkad: wanda ya yi a 1976 a kan farkon Musulunci, da na Umar Mukhtar da ya fito a 1981. Me ya sa suka zauna a zukata? Ba don darasi kaɗai ba, littattafai cike suke da darasin. Gwaninta ce. A na farkon, Akkad ya ba da tarihin ba tare da ya nuna Manzon Allah (SAW) ko ya sa an ji muryarsa ba, kuma labarin bai yi rauni ba. A na biyun, duk wanda ya kalla yana tuna tabaran tsohon nan da ya faɗi lokacin da Italiyawa suka rataye shi, wani yaro ya ɗauka. Ba wanda ya tsaya ya yi jawabi cewa gwagwarmaya za ta ci gaba, hoton ya isar. Irin wannan ne nake so mu riƙa nema a namu finafinan, mu yaba in mun samu, mu ce babu in babu.

Sai kuma hukunci ba tare da kallo ba. Yanzu an yanko daƙiƙa talatin daga fim an watsa a TikTok ko Facebook, kafin magariba dubban mutane sun gama yanke masa hukunci, wasu har da tsinuwa. Ba su san abin da ya zo kafin wurin ba, ba su san abin da ya biyo baya ba. Telan unguwarmu ba ya taɓa magana a kan fim ɗin da bai kalla har ƙarshe ba, in ka tambaye shi sai ya ce bai gani ba tukuna. Gani ya kori ji. Dangin wannan shi ne haɗa ɗan wasa da rawar da ya taka, ko auna fim da rayuwar jarumar da ta fito a ciki: aurenta ya mutu, saboda haka fim ɗinta ba shi da kyau. Da kuma rabuwa gida-gida, masoyan wane da masoyan wane, inda duk abin da gwaninka ya yi ya haɗu, duk abin da ɗayan ya yi shirme ne. Wannan ba ra'ayi ba ne a kan fim, kuma shi ne ɗan fim ke nunawa da yatsa idan yana son ya watsar da ƙorafin gwaggona tare da shi.

Zancen zamani ma yana buƙatar adalci. Kullum za ka ji ana cewa finafinan da su ne finafinai, na yanzu ba komai. Ana kiran Sangaya da tsararrakinsa na wajajen 2000 da kewa, kamar lokacin kowa ya yarda da su. Ba haka aka yi ba. A lokacin nan ne aka fi zagin 'yan fim da kwaikwayon Indiya da rawa da waƙa, har gwamnatin Kano ta dakatar da harkar a ƙarshen 2000, sannan ta kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001. Su ma dattawan lokacin cewa suke wasan kwaikwayo na gaskiya shi ne na su Samanja da Kasimu Yero da Karkuzu a talabijin. Sau da yawa ƙuruciyarmu muke kewa, sai mu ɗora wa fim ɗin. Wanda ya koma ya kalli tsofaffin nan da idon yau zai ga wasu sun riƙe kyansu, musamman wajen Hausa mai daɗi da sutura da natsuwar 'yan wasa, wasu kuma wankiyar fim ɗin Indiya ce tsagwaronta, an sauya sunaye kawai. Zai kuma yarda cewa ta fuskar hoto da sauti, abin da ake nunawa yanzu a Arewa24 da YouTube ya yi musu nisa. Yaran yanzu su ma suna da irin wannan laifi ta ɗaya gefen: da sun ga hoto ya dushe ko baƙi da fari ne, sun kashe. Kowane fim a auna shi da kayan aikin da zamaninsa ya ba shi, sannan a tambaya ko har yanzu yana taɓa zuciya.

Wanda aka fi zalunta a wannan awo, a ganina, shi ne fim ɗin ban dariya. Shekara da shekaru 'yan boko da manyan 'yan fim suna kallon finafinan marigayi Rabilu Musa Ibro a matsayin camama, aikin gaggawa na masu ƙaramin jari, abin kallon ƙauyawa da yara. Gaskiya ne da yawansu an yi su cikin gaggawa, kuma akwai wuraren da barkwancin ya wuce gona da iri. Amma ka duba abin da ke cikinsu. Lokacin da manyan finafinai ke cikin falo mai kujerun alfarma ana soyayya irin ta Bombay, shi yana kasuwa, yana tasha, yana gona, yana gaban mai unguwa, yana rigima da mai gidan haya. Hausar da ake yi a ciki ita ce ta titi. Talakan da ke cikinsu talaka ne na gaske, da wayonsa da kwaɗayinsa da tsoronsa. Masu kallo na gama-gari sun gane haka tun yana raye, shi ya sa suka saya ba ƙaƙƙautawa, kuma tun rasuwarsa a Disambar 2014 ba a daina kallonsa ba. Wanda zai nemi sanin yadda talakan Arewa ya yi magana da yadda ya yi dariya a shekarun nan, a can zai samu fiye da a finafinan da suka ci lambobin yabo. Fim ɗin dariya da dariya ake auna shi, na tsoro da tsoro, na soyayya da ko ka damu su auri juna. Neman wa'azi a wurin Ibro daidai yake da neman barkwanci a fim ɗin Umar Mukhtar.

Ban ce duk abin da jama'a suka so shi ne mai kyau ba, ko duk abin da suka bari ba shi da daraja. Wani lokaci ba su bar shi ba ne, ba a kai musu ba ne. Oumarou Ganda na Nijar shi ya fara cin babbar lambar bikin finafinan Afirka na FESPACO a Wagadugu a 1972, da fim a kan wani Alhaji da ya auri yarinyar da ba ta son sa, batun da Kannywood ta yi ta juyawa shekaru bayan haka. Mutum nawa ne a Kano ko Maraɗi suka taɓa ganinsa? Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Balewa, da Hausa aka yi shi daga farko har ƙarshe, ga labarin bauta da ƙetare hamada da uwa mai neman ɗanta. Ya ɓace daga idon mutane shekaru da dama, sai da aka gano faifansa a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya, aka gyara shi da taimakon wata cibiya a Jamus, aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. Turawa sun zauna sun kalle shi da fassara a ƙasan hoto, jikokin waɗanda aka yi shi da harshensu kuwa da yawa ko sunansa ba su sani ba. A nan ne masana da gidajen talabijin ke da aiki: su nemo irin waɗannan su sa a gaban jama'a. Hukuncin kuma su bar wa jama'ar.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne sharhinmu na baka ne, yana tafiya tare da masu shi. Silimun nan galibinsu an rufe su, wasu sun zama shaguna da wuraren taro, Palace ma asibiti aka mayar da ita. Kaset ɗin shekarun 1990 zafi da ƙura sun cinye da yawa, wasu finafinan ko waɗanda suka shirya su ba su da kwafi. Abin da ya rage na wasu shi ne abin da masu kallo ke tunawa. Telan unguwarmu ya rasu, kuma ba wanda ya naɗi muryarsa ko sau ɗaya. Amma tsararrakinsa suna nan da sauransu, a Kano da Kaduna da Jos da Yamai da Kumasi, waɗanda suka yi layin tikiti, da matan da suka kalli Turmin Danya a ɗakin maƙwabciya mai bidiyo. Kusan kowane gida yanzu akwai waya mai naɗar murya. Ɗaliban sashen Hausa da na aikin jarida da ke neman abin rubuta kundin kammala karatu za su iya farawa daga nan: su zauna da waɗannan mutane, su tambaye su me suka kalla, a ina, nawa suka biya, wane wuri ne ya sa silima ta kaure da ihu, wane fim ne aka fita ana tsaki, kuma me ya sa.